Yadda ake saita kulocin babur ɗin ƙanƙara don hawan dutse

A hunturuna na biyu a yammacin Kanada na tsinka bel uku cikin wata ɗaya da rabi. Na ukun ya fashe ne a tsakiyar hawa a Frisby Ridge, can bayan garin Revelstoke, da wata ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin gwiwata ta hagu. Da na buɗe murfin gefe, zaren bel ya naɗe gindin kuloci, ƙurar baƙar roba ta rufe ko'ina, farantin kuma bai taɓuwa don zafi duk da sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Na ɗora wa bel laifi, na ɗora wa ƙanƙara. Daga baya na gane babur ɗin an saita shi ne don fili, ni kuma na kai shi sama da mita 1,800 ina neman ya yi abin da ba a shirya shi ya yi ba.

Wannan rubutu na wanda ya riga ya iya riƙe sifana ne, yana da babur ɗin dusar ƙanƙara (snowmobile, abin hawa mai inji da ke tafiya a kan ƙanƙara) na hawan dutse, yana so ya fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfin nan kafin ya kashe kuɗi.

Abin da kulocin ke yi

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giyar da ake sauyawa da ƙafa ko da hannu. Kuloci biyu ne da bel ɗaya a tsakaninsu. Na gaba yana kan karanshaf, inji ke juya shi kai tsaye. Na baya yana kan wani sandan ƙarfe da ke miƙa ƙarfi zuwa akwatin sarƙa, daga nan zuwa tirak, wato shimfiɗar robar nan mai haƙora da ke tura babur. Kowane kuloci faranti biyu ne masu gangara, bel na zaune a tsakaninsu.

Idan inji ya ɗauki juyi, ƙarafan nauyi da ke cikin kulocin gaba suna buɗewa waje, su rinjayi sifirin, su tura faranti ɗaya ya matse bel. Bel ya hau sama a gaba, ya nutse ƙasa a baya: babur ya shiga babbar giya ke nan. A kulocin baya kuma akwai sifirin nasa da wani kofi mai karkatattun hanyoyi da ake kira helis, wanda roloji ke bi. Aikinsa jin nauyin da ke kan tirak. Da ƙanƙara ta yi zurfi ko gangara ta miƙe, sai ya matse bel ya maido da shi sama, ya tilasta wa na gaba ya saki, babur ya koma ƙaramar giya. Duk direban da ya taɓa hawa Hawan Kibo da lodi ya san lokacin da mota ke roƙon a sauko mata da giya. A nan kulocin baya ne direban.

Dukan wannan kokawa tsakanin gaba da baya manufarta ɗaya ce: idan ka matse totur har ƙarshe, inji ya tsaya cak a juyin da ya fi ba da ƙarfi, ko da me ƙanƙara ke yi a ƙasa. Injin mai bugu biyu ƙarfinsa a ɗan ƙaramin wuri yake. Injin 850 E-TEC na baburan Ski-Doo yana son juyi kusan 7,900 a minti. Injinan 800 da 850 na kamfanin Polaris suna son wajen 8,250. Ka faɗi ƙasa da wannan da juyi 300, za ka ji babur ya yi nauyi kamar an ɗaura masa kaya. Ka wuce shi da yawa, ƙara ce kawai ke ƙaruwa, ƙarfi na zubewa.

Abin da tsawo ke yi wa inji

Iska tana raguwa da hawa. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato mita 300 da 'yan kai. Injin da ke ba da ƙarfin doki 165 a bakin teku, idan ka kai shi Togwotee Pass a jihar Wyoming ta Amurka, inda tsawo ya haura ƙafa 9,600, abin da ya rage masa bai fi doki 120 ba. Ƙarafan nauyin da ya iya ɗauka a ƙasa sun fi ƙarfinsa a sama. Suna tura bel zuwa babbar giya tun injin bai isa juyinsa ba, inji ya durƙushe, bel ya fara zamewa, zafi ya taru. Abin da ya cinye mini bel uku ke nan.

Saboda haka mataki na farko ba a gareji yake ba. Ka zauna ka tambayi kanka: a wane tsawo nake yin yawancin hawana? Ba inda ake ajiye mota ba. Garin Revelstoke bai kai mita 500 ba, amma wasan yana can sama, wajen mita 1,800 zuwa 2,300. Cooke City a Montana garin kansa yana ƙafa 7,600, mahaya kuma suna haurawa kusa da 10,000. Ka saita don tsakiyar wurin da kake wasa, ka haƙura da hanyar zuwa. A hanya inji zai so ya wuce juyinsa, sai ka sassauta babban yatsa.

Littafin da ke zuwa da babur yana da jadawalin tsawo. A na Polaris za ka ga nauyin ƙarafa yana sauka da kusan giram 2 a kowace ƙafa 2,000. Daga wannan jadawali ake farawa. Injiniyoyin da suka rubuta shi sun ƙona man fetur da yawa kafin su buga shi, kuma sau da yawa bai yi nisa da daidai ba.

Gyara kafin saiti

Nan ne mutane suka fi gaggawa, nan ne kuma ya kamata a daɗe. Ba a saita kulocin da ya lalace. Duk abin da ka canza a kansa, lalacewar ce za ta amsa maka, kai kuma ka zaci saitin ne.

Cire bel, ka duba shi a haske. Gefensa ya yi sheƙi kamar an goge shi da mai? Ya sha zafi. Akwai wurin da ya tsuke, ya fi sauran siranta? Wannan tabon ranar da babur ya maƙale ne aka ci gaba da matsa totur, kuloci na juyawa, bel na tsaye yana ƙonewa a wuri ɗaya. Irin wannan bel ya gama aiki; zai riƙa fizga a tashi. Zare ya fara fitowa daga gefe? Ka zargi saitin layin kuloci biyun ko robar zaman inji. Auna faɗinsa, ka gwada da mafi ƙarancin faɗin da littafinka ya yarda. Bel da ya ci milimita biyu ko uku ya riga ya canza maka giya ba tare da ka sani ba.

Sai farantai. Ka goge su da soson goge ƙarfe na Scotch-Brite, daga tsakiya zuwa baki, har baƙin roba ya fita, sannan ka share da tsumma mai tsabta da asiton ko ruwan zafi da sabulu. Ka shafa yatsa a kan gangarar: idan ka ji rami ko tudu kusa da gindi, farantin ya ci. Ka hura ƙurar ciki da iska, amma ka rufe hanci.

Yanzu ka kama farantin gaba mai motsi ka jijjiga shi. Ɗan wasa kaɗan ba laifi, amma idan yana kaɗawa sosai bushin ya tafi. Ka juya kowace rola da yatsa. Dole ta juya sumul, ba wurin da ya baje. Ka duba fuskar kowane ƙarfen nauyi inda rola ke bi, ko an sami tsagi. Ƙarfen da ya yi tsagi yana maƙalewa a wurin, sai ka ga juyi yana hawa yana sauka ba dalili. Sifirin kuma yana gajiya. Ka ajiye tsohon kusa da sabo a kan tebur. Idan ya fi guntu, ko ka ga alamar tsagewa, ka jefar. Ni duk farkon hunturu nake sa sabon sifirin gaba, domin kuɗinsa bai kai rabin na bel ba.

Kada ka sa giris ko mai a waɗannan wurare. An yi su ne su yi aiki a bushe, mai kuma ƙura yake tarawa, daga baya ya fantsama kan bel.

Robar zaman inji ma a duba ta. Ka sa dogon ƙarfe ka ɗan ɗaga inji ta gefen kuloci. Idan roba ta yage, inji yana karkata duk lokacin da ya ja, layin kuloci ya goce a daidai lokacin da bel ya fi shan wahala. A tsaye komai zai nuna daidai, a kan dutse kuma bel na cin wuta.

Abu na ƙarshe kafin saiti: ka tabbata injin kansa lafiya yake. Fulogi mai kyau, mai mai kyau, ƙofofin hayaƙi na silinda ba su daskare da baƙi ba. Injin da ya rasa ƙarfi shi ma juyinsa faɗuwa yake, kuma na ga mutum ya yi mako biyu yana rage nauyi alhali zoben fistin ne ya mutu.

Kwance kuloci ba tare da rauni ba

Kulocin gaba yana zaune ne a kan tsinin karanshaf, ba ya fita sai da fula irin tasa, wato doguwar kusa mai zare da ake zaro kuloci da ita. Kowane kamfani da zarensa. Fular da ba ta dace ba tana ɓata zaren ciki, kuma wannan ɓarna ce mai tsada. Ka shafa ɗan giris a kan tsinin fular kawai. Kada ka buga kuloci da guduma.

Kafin ka raba murfi da jiki, ka sa alama da maka, wato alƙalamin zane, a kan murfi, da gizo-gizon ciki (ƙarfen nan mai ƙafafu da ke tsakanin murfi da faranti), da faranti. An daidaita nauyin kulocin a masana'anta a haɗe, dole ya koma yadda ya fito. Sifirin yana matse a ciki da ƙarfi mai yawa, don haka ka yi amfani da abin matsewa, ko ka sassauta kusoshin murfi kaɗan-kaɗan a zagaye, hannu na danne. Na baya ya fi haɗari. Kada ka cire masa helis ba tare da na'urar matsewa ba.

Idan za ka mayar, ka goge tsinin karanshaf da ramin kuloci su bushe ƙarau. Ka ɗaure babbar kusa da sifana mai awo zuwa adadin da littafi ya faɗa, ka tayar da inji ya yi ɗumi, ka kashe, ka sake aunawa. Kada ka taɓa ba inji wuta babu bel, ko babu murfin kariya. Ƙarfen da ke juyi 8,000 a minti idan ya tarwatse ba ya tsayawa a cikin roba.

Zaman bel

Sabon bel a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe, a ɗaura shi ta fuskar da kibiya ko rubutu ya nuna. Idan ka cire shi wata rana, ka mayar ta fuskar da yake. Kilomita 50 na farko ka tafi da shi a hankali, kana sauya gudu, ba cikakken totur na dogon lokaci. Na ajiya ma haka za ka yi masa tun a gida, domin ranar da za ka buƙace shi kana tsakiyar kwari, ba halin lallaɓawa.

Sai saƙin bel. A Polaris ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bayan bel daga kuloci zuwa kuloci, a danna tsakiya da yatsa har saƙi ya ƙare, a auna: kusan milimita 32 ake nema. A Ski-Doo tsayin bel a bakin farantin baya ake dubawa, a daidaita da zoben da ke jikin kulocin. Ma'anar ɗaya ce. Bel da ya yi saƙi da yawa ya nutse a baya, babur yana tashi kamar motar da aka tayar a giya ta biyu, yana gurnani kafin ya motsa. Wanda ya yi tsauri kuma yana kuka a tsaye, babur na neman rarrafawa da kansa. Ni ina matse shi har ya fara ɗan kuka, sannan in sassauta kaɗan. Bel yana ci a hankali, don haka wannan aiki ne na kowane 'yan kwanaki, ba na shekara ba.

Gwaji a kan dutse

Yanzu an zo wurin da ake sanin gaskiya. Ka tafi da ƙaramin littafi da fensir, domin biro daskarewa yake. Ka tafi da ma'aunin zafi irin na haske, da maka, da kayan canji.

Ka zaɓi gangara ɗaya mai tsawo, mai sabuwar ƙanƙara a gefe da gefe, yadda kowane hawa zai sami layin da ba a taka ba. Ka zaɓi wadda ba ta kai digiri 30 ba, kuma babu wata mai tsayi a samanta, domin yawancin zaftarewar ƙanƙara tsakanin digiri 30 da 45 take tashi. Ka karanta sanarwar Avalanche Canada, cibiyar da ke hasashen zaftarewar ƙanƙara, ko ta cibiyar yankinka da safe. Na'urar neman wanda ƙanƙara ta binne a ƙirji, shebur da sandan bincike a baya, abokin tafiya yana tsaye a wurin da babu haɗari yana kallonka. Mai gwajin kuloci idonsa a kan agogo yake, ba a kan dutse ba, shi ya sa nake nanata wannan.

Kafin hawa, ka ja layi da maka a kan farantin gaba daga gindi zuwa baki. Bel zai goge shi har inda ya kai, ka ga iyakar giyar da babur ke amfani da ita.

Ka ɗumama inji sosai, kuloci ma su yi ɗumi. Ka shiga gangara, ka matse totur har ƙarshe, ka riƙe daƙiƙa 8 zuwa 10. Lambar da ta yi tsalle a daƙiƙar farko ba ita ake nema ba. Wadda allura ta zauna a kai bayan nauyi ya hau, ita ce. Ka lura da gudun tirak ma, wanda agogon gudu ke nunawa. Ka sauko, ka kashe inji, ka buɗe murfi nan take, ka auna zafin farantin gaba, da na baya, da bel. Ka rubuta duka: tsawo, sanyin iska, irin ƙanƙara, juyi, gudu, zafi. Ka yi hawa uku kafin ka yanke hukunci.

Daga nan doka ɗaya ce, kuma wadda aka fi karyawa: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya.

Juyi na sama: aikin kulocin gaba

Idan juyi ya zauna a wuri ɗaya amma ba inda ake so ba, nauyi za a taɓa. Ƙarin nauyi yana sauko da juyi, ragi yana ɗaga shi. A irin kulocin Polaris da Arctic Cat, giram 1 a kan kowane ƙarfe yana motsa juyi da kusan 100. A ce kana neman 8,250 kana ganin 7,950. Lissafi ya ce a rage giram 3, amma ka fara da 2 ka sake hawa, domin da inji ya matso kusa da juyinsa ƙarfinsa na ƙaruwa, shi da kansa yana cike sauran. Dole dukan ƙarafan su zama nauyi ɗaya. Ina auna su a ƙaramin sikeli ko da sababbi ne.

Akwai ƙarafa masu ramuka da ake ƙara wa ƙananan kusoshi ko maganaɗisu. Ga mai yawo tsakanin tsawo daban-daban, sun cancanci kuɗinsu. A nan wurin da ka sa nauyin yana da magana: na kusa da gindi ya fi shafar tashi da farkon tafiya, na tsini ya fi shafar ƙarshen giya.

Masu Ski-Doo sun sami sauƙi. Tsohon kulocin TRA yana da maɓallan saiti masu lamba 1 zuwa 6, kowace lamba kusan juyi 200, babbar lamba tana ɗaga juyi. Sabon pDrive, wanda ya zo tare da injin 850 a samfurin 2017, yana da matakai biyar. Ana iya juya su a kan dutse cikin minti biyar. Ka sassauta kawai, kada ka zare kusar gaba ɗaya, kuma ka tabbata dukan ukun suna lamba ɗaya. Sai dai idan ka ga ka ƙare a lamba ta ƙarshe kuma har yanzu juyi bai isa ba, maɓalli ya gama nasa. A rage nauyin da ke ciki a dawo da shi tsakiya.

Sifirin gaba ana rubuta shi da lamba biyu, misali 140/330. Ta farko ƙarfinsa ne a farkon matsi, ita ke yanke juyin da kuloci zai cafki bel. Ta biyu ƙarfinsa a ƙarshe, tana shafar juyi na sama. A wurin nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Mutane suna son cafka mai tsayi don babur ya yi tsalle, amma a cikin itatuwa, a ƙanƙara mai zurfin ƙugu, tsalle rami yake haƙawa. Tirak ya juya da ƙarfi farat ɗaya, ya kwashe abin da ke ƙarƙashinsa, bayan babur ya nutse, kai da abokinka ku kwashe rabin awa da shebur. Cafka mai laushi a wajen juyi 3,800 zuwa 4,200 tana barin babur ya hau kan ƙanƙara a hankali. Ka sauko da ita iyakar inda inji ba ya shaƙewa a tsawon da kake. Can sama sosai, inda inji ba shi da ƙarfi a ƙasan juyi, dole ka bar ta ɗan sama.

Riƙe juyi: aikin kulocin baya

Ga alamar da ke rikita mutane. Ka fara hawa juyi daidai, amma da ka shiga zurfi ko gangara ta miƙe, sai ya zube zuwa 7,500 ya ƙi dawowa. Ko ka saki totur don kauce wa itace, ka sake matsawa, inji ya yi jinkiri kafin ya farka. Wannan ba matsalar nauyi ba ce. Kulocin baya ne ya makara wajen sauko da giya. Idan ka rage nauyi don maganinta, za ka wuce juyi a wuri mai sauƙi, kuma zubewar tana nan.

Helis ana auna shi da digiri. Mai tsayin kwana yana barin bel ya ruga babbar giya da sauri, yana kuma jinkirin dawowa. Mai gudun fili yana sonsa. Mai kwantaccen kwana yana hawa a hankali, yana dawowa da sauri, yana matse bel da kyau. Dutse na biyun yake so. Shi ya sa baburan hawa ke zuwa da kwana a wajen digiri 40 zuwa 40 da 'yan kai. Wasu suna da kwana biyu, kamar 56/42 da aka daɗe ana gani a Polaris RMK: tsayin farko don ya ɗora wa inji kaya a tashi, 42 kuma shi ne inda ake zama a lokacin hawa. Idan juyi na zubewa, ka sauko da kwanan ƙarshe da digiri 2, ka gwada. Ka sa rai juyi na sama zai ɗan ɗaga, wataƙila ka maido da giram 1 a gaba. Haka abin yake, ka taɓa baya, gaba ta amsa.

Sifirin baya mai ƙarfi shi ma yana gaggauta dawowa, yana hana zamewa. Amma yana da iyaka. Idan ya yi yawa, kulocin biyu suna jan bel kamar masu jan igiya, ƙarfin da ya kamata ya isa tirak ya zama zafi. Mafi sassaucin sifirin da ke hana zamewa kuma yake dawo da giya a kan lokaci, shi nake nema.

Karanta zafi

Ruwa ba ya tsami banza. Kulocin da ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, a nan bel ke zamewa. Idan na gaba ne, bai matse bel yadda ya kamata ba: sau da yawa nauyi ya yi kaɗan a kan sifirin, ko na baya ya fi ƙarfinsa. Idan na baya ne, sifirinsa ya gaji ko helis ya yi tsayi. Abin da ake so su biyun su yi kusa da juna. Idan babu ma'auni, tafin hannu ya isa: farantin da ba za ka iya ɗora masa hannu na 'yan daƙiƙoƙi ba ya wuce kima. Bel da ke kusantar digiri 90 a ma'aunin Salshiyos yana cin kwanakinsa da sauri.

Baƙin tabo a gindin farantin gaba yana nuna zamewa a tashi. A nan ka duba tazarar da ke tsakanin bel da faranti idan inji na kashe. Kusan rabin milimita ta isa. Idan ta yi faɗi, kuloci yana ɗaukar gudu kafin ya sami bel, sai ya buge shi maimakon ya kama shi. Ana gyara ta da woshar da ke ƙarƙashin gizo-gizo, aikin da ke buƙatar kayan aiki na musamman. Idan ba ka da su, ka kai wa mai su.

Tsakanin gwaji da gwaji, ma'auni na gaskiya shi ne gudun tirak. Saiti biyu suna iya ba ka juyi iri ɗaya. Wanda ya ba da gudun tirak mafi yawa a gangara ɗaya, da farantai mafi sanyi, shi ya ci.

Giya, turbo, da yanayin rana

Ka koma ga layin makan nan. Idan bel bai taɓa goge fiye da rabinsa ba a duk yinin hawa, giyar akwatin sarƙa ta yi wa aikinka tsawo. Rage haƙori ɗaya ko biyu a ƙaramin faifan sama yana sauƙaƙa wa bel kaya, yana sanyaya kuloci. Abin da za ka rasa gudun fili ne wanda ba ka amfani da shi. Wanda ya sa tirak mai tsawo ko mai dogayen haƙora, ko mai nauyin jiki, ya fara tunanin wannan tun da wuri.

Baburan turbo na masana'anta, wanda Ski-Doo ya fitar a 2020 da Patriot Boost na Polaris a samfurin 2022, sun rage wannan wahala ta tsawo. Na Ski-Doo na 2020 an yi shi ya riƙe doki 165 har ƙafa 8,000. Ƙarafan kulocinsu sun fi na sauran nauyi, kuma ba sai an riƙa canza su daga dutse zuwa dutse ba. Amma ƙarfin da ya ƙaru ta cikin bel ɗin nan ɗaya yake bi, don haka maganar tsabta da zafi ta fi tsanani a kansu.

Ko bayan ka sami saitinka, juyi zai riƙa ɗan yawo. Safiya mai tsananin sanyi iska ta fi kauri, inji ya fi ƙarfi, juyi ya ɗaga. Ƙanƙarar watan Afrilu mai jiƙa da nauyi tana danne shi. Bambancin juyi 100 sama ko ƙasa ba abin kwance kuloci ba ne. A ranar zurfi kuma, duk tsayawa ka kakkaɓe ramukan iska na murfin gefe, domin garin ƙanƙara yana toshe su kuloci ya rasa numfashi. Bayan dogon hawa biyu ko uku a jere, ka ɗan zagaya a fili da rabin totur iska ta ratsa. Da safe, idan babur ya kwana a waje, ka ɗaga bayansa ka sake shi ƙasa sau biyu ko uku tirak ya ɓalle daga daskarewa, ka girgiza takalman gaba, wato dogayen silalen da babur ke zamewa a kansu, su ma su saki, sannan ka ba shi wuta.